Wa zai ba itacen gari ruwa?

Yara, in an tashi daga lakwal da tsakar rana a watan Afrilu, ta wane gefen hanya kuke bi? Kowa ya sani, ta gefen da ke da inuwa. Mai tallar ƙosai can take aje tirenta. Mai gyaran keke can yake buɗe akwatinsa. Tsofaffi can suke shimfiɗa tabarma. Har akuya ta san wurin. To, wannan itace da kuke raɓewa a gindinsa, wa ya dasa shi? Kuma na wa ne?

Itacen da ke cikin gidanku na babanku ne. Wanda ke cikin gona na mai gona ne. Amma akwai itatuwan da ba su cikin gidan kowa: na bakin titi, na kasuwa, na tashar mota, na filin lakwal, na gidan likita, da na lambun da ke gaban ma'aikatar magajin gari. Su ake kira itatuwan gari. Ma'aikatar magajin gari aka ɗora ma nauyin kula da su, tare da ma'aikatan gandun daji. Ita ce kuma ke share tituna, ta kwashe shara, ta yashe magudanun ruwa, ta kula da kasuwa.

Da wane kuɗi take wannan aiki? Da haraji. Tikitin da mai kayan miya ke biya ran kasuwa yana ciki. Abin da mai kanti da mai amalanke ke biya yana ciki. Ashe itacen bakin titi da kuɗin iyayenku aka dasa shi. Na kowa ne. Amma ku lura da kyau: abin da aka ce na kowa ne, shi ya fi saurin rasa mai ba shi ruwa.

Ɗamarar Yamai

A shekarar 1926 aka mai da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai. Ran da Nijar ta samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, Yamai ƙaramin gari ne, mutanensa wajen dubu 30 ne kawai. In hunturu ya kama, iska ta taso daga gabas da arewa, ba abin da ke tare ta. Sai ta zube ƙura cikin gari: cikin tukunya, cikin ido, cikin ƙirjin jarirai. In damana ta kusa kuma, iskar hadari ta zo da jar ƙasa, ta yaye rufin ɗakuna.

A 1965 hukuma ta fara wani babban aiki. Aka ce a ɗaura ma birnin ɗamara, amma ta itatuwa. An tsara ta yi tsawon kilometir 25, faɗinta kilometir 1, ta zagaye gari ta gefen da iska ke shigowa. Ku ɗauko allo mu yi lissafi. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ya fi filin ƙwallo girma. Fili mai kilometir ɗaya tsawo da faɗi yana ɗauke da hekta 100. In mun ninka 100 sau 25, nawa ke nan? Hekta 2500. Wannan shi ne girman dajin da aka yi niyyar dasawa da hannu, itace bayan itace. An yi kusan shekara 30 ana dashe.

Yawancin itatuwan bedi ne, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, sai turare. Asalin bedi daga Indiya yake, a zamanin mulkin mallaka aka kawo shi. Amma ya zauna da mu har ya zama ɗan gida. Mi ya sa aka zaɓe shi? Yana girma da sauri. In saiwarsa ta kama ƙasa, yana jure rani ba a ba shi ruwa. A lokacin da yawancin itatuwa suka kaɗe, shi ganyensa kore shar. Ganyen yana da ɗaci, dabbobi ba su cika son sa ba sai yunwa ta matsa musu. Gara ma ba ta son katakonsa. Yana da aibinsa: hatsi ba ya yin kyau a ƙarƙashinsa. Shi ya sa manomi ya fi son gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar ma gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Gawo na gona ne, bedi na gari.

Ɗamarar ta yi aikinta. Ta rage ƙarfin iska, ta tare ƙura, ta riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Tsuntsaye suka samu wurin sheƙa. Ɗalibai kan je can da littattafansu su yi bita cikin inuwa.

Sai gari ya yi ta girma. A ƙidayar jama'a ta 2012, mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya. Bayan farin 1973 da na 1984, mutanen karkara da yawa sun shigo birni ba su da masauki, wasu suka kafa bukkoki cikin itatuwan. Mata suna bukatar iccen girki, aka riƙa sara da dare. Masu amalanke suka mai da wasu wurare juji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka ga ba mai tsawatawa, sai aka fara yanka filaye cikin dajin ana saidawa. Gidajen siminti suka tashi, da kantuna, da gidajen mai. Ma'aikatan gandun daji sun sha faɗi cewa abin da ya salwanta ya kai wajen rabi.

Kada ku yi saurin zagin matar da ta saro reshe don ta dafa ma ɗiyanta tuwo. Ba daidai ta yi ba, amma ba ita ce ta fi ɓarna ba. Bedin da aka sare, kututturensa yana sake tohowa in damana ta zo. Wurin da aka zuba ma siminti ba ya tohowa har abada. A ganina, wanda ya ɗauki filin jama'a ya saida shi, yana sane, ya fi ta laifi nesa ba kusa ba.

Ranar dashe da ranakun reno

Tun 1975, ran 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a faɗin Nijar. An zaɓi lokacin da kyau, don tsakiyar damana ne, ƙasa ta sha ruwa ta yi taushi. A 1984 kuma an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. Tun daga nan ba shekarar da ba a dashe. To, da duk abin da aka dasa ya rayu, da yanzu ba ku ganin rana a kan hanyar lakwal. Ina suka tafi?

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. A wani gari da na koyar shekarun baya, an yi bikin 3 ga Agusta a filin da ke gaban ma'aikatar magajin gari. Makaɗa sun zo. Manyan gari sun zo da manyan riguna. Ko da yake ana hutu, an kira ƴan lakwal sun yi layi. Aka dasa itatuwa 100 cif, ni da ƴan ajina muka ƙidaya. Kowane babba ya dasa nasa, aka ɗauki hoto, aka tafa, aka watse.

Da Afrilu ya zo, muka koma muka sake ƙidaya. Saura 6. Sauran sun zama tsinke, wasu ko ramin ba a gani. Abin mamaki, duka shidan a gefe ɗaya suke, kusa da ɗakin mai gadi. Tsoho ne, yana zaune yana dafa shayi. Wata yarinya daga ajina ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce: «Baba, don mi itatuwanka suka rayu, sauran suka mutu?»

Ya ce: «Ɗiyata, ba nawa ba ne, na gari ne. Ni dai a gindinsu nike alwala, yanzu wannan, an jima wancan. Ruwan da na wanke kwano ma nan nike zubawa. Da marece in ɗebo bokiti ɗaya a pampo in raba musu.»

Ta ce: «Awaki fa, Baba?»

Ya nuna mata ƙayar da ya kewaye su da ita, ya kuma nuna sandarsa. Yara suka yi dariya.

Ta ce: «To sauran, ba wanda ya ba su ruwa?»

Ya ce: «Kowa ya wuce ya ga suna bushewa. Kowa ya ce cikin ransa akwai wanda aka sa.»

Na ji kunya ran nan, don ni ma na sha wucewa ta wurin, kuma abin da na faɗa ma kaina ke nan.

Mu sake yin lissafi. Ruwan sama yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba, ba ya dawowa sosai sai Yuni. Daga Oktoba zuwa Mayu wata 8 ne, wajen kwana 240. A ce ana ba ɗan itace bokiti ɗaya mai lita 10, yau a ba shi, gobe a huta. Sau 120 ke nan. Lita 10 sau 120 ya ba da lita 1200. Tano ɗaya yana cin lita 200. Itace ɗaya tak ya sha tano 6 kafin ya ga damana ta biyu. Itatuwa 100 fa? Tano 600. Ran biki ba wanda ya yi wannan lissafi. Magajin gari mai hankali, kafin ya aika a kawo dashe daga wurin renon itatuwa, sai ya fara tambaya: ina ruwa, ina shinge, wa zai ɗauki bokiti? In ƙarfinsa na itace 20 ne, gara ya dasa 20.

Shekara ta gaba mun sake dubara. Muka roƙi ma'aikatar magajin gari itatuwa 15 kawai, da tano ɗaya. Muka haƙa ramuka masu zurfin rabin mita da faɗin rabin mita. Muka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Muka yage ledar da ke naɗe da saiwar, don in an bar ta, saiwa ba ta samun hanya. Muka yi ma kowane itace gurbi kamar kwano don ruwa ya tsaya, muka rufe gurbin da ciyawa busassa kada rana ta shanye shi, muka kewaye da ƙaya. A gindin wasu muka binne tsohon tulu har wuya, muna cika shi da ruwa, yana tsattsafowa a hankali. Abin da ya fi duka: kowane itace an ba yara uku, an rubuta sunayensu a jikin allon aji. In ganye ya yi yaushi, kowa ya san wa za a tambaya. Guda 12 suka rayu. Ukun da suka mutu, a lokacin hutun ƙarshen Maris suka mutu, don mun manta ba mu sa mai zuwa ba.

Leda ma maƙiyar lambun gari ce. Iska na kwaso ta ta rataya a reshe kamar jemage. In ta shige ƙasa tana hana ruwa sauka. Tana toshe magudanun ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Tunkiyar da ta ci leda tana ramewa har ta mutu, mahauta sun sha samun dunƙulenta a cikin tumbi. Ran 5 ga Nuwamba 2014 an kafa doka a Nijar da ta hana yin sirarar leda, da shigo da ita, da saida ta. Amma ku leƙa kasuwa ku gani. Doka tana cikin takarda, leda tana kan itace.

Inuwa cikin ɗaki

Ba a waje kaɗai ake bukatar sanyi ba. Ku tuna ajinku da ƙarfe 12 na rana, in ginin siminti ne da rufin kwano. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a waje. Kwano ya ɗauki zafin ya sauko da shi kan kawunanku, alli na zamewa a hannun mushe, rabin aji na gyangyaɗi. A manyan ofisoshi sai a kunna na'urar sanyi, ta yi ta shan wuta, ƙarshen wata a biya da kuɗin harajin nan da muka ambata.

Kakanninmu sun san wani abu game da wannan. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali da rana, sai dare ya yi take sakinsa. Shi ya sa zauren ƙasa ke da sanyi da azahar. Fadar Sarkin Damagaram ginin ƙasa ce. Haka babban masallacin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27. Sai dai rufin gargajiya yana cin azara, azara kuwa daga giginya da goriba ake samun ta. Kowane soro sai an kada itace. Don haka a 1980, a garin Cikal kusa da Filinge, aka fara koya ma magina wata hanya: su yi rufi mai siffar ƙubba da tubalin ƙasa zalla, ba azara, ba kwano. Ana ce mata gini ba itace. Daga can ta bazu, aka yi ɗakunan kwana da ofisoshi da ajujuwa da ita.

A 2018, a garin Dandaji na jihar Tawa, an gama wani aiki da ya yi suna har ƙasashen waje. Wata ƴar Nijar mai zanen gine-gine, Mariam Isufu Kamara, da abokiyar aikinta suka tsara shi. Tsohon masallacin garin ba a rushe shi ba, an gyara shi ya zama ɗakin karatu. A gefensa aka gina sabon masallaci babba da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, ƙasar kuwa daga kusa da garin aka haƙo ta. An yi ma ginin kafofin da iska ke shiga ta fita. An kuma yi rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, yana tara ruwan damana don shayar da itatuwan harabar. Kun ga su sun yi lissafin tano tun kafin dashe.

Ranar da ke ƙona mu tana iya yi mana aiki. Wani ɗan Nijar, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi shekaru yana binciken yadda za a ci moriyar zafin rana da haskenta. Sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi tun 1992. Yau kuna ganin faranti mai kama hasken rana a kan fitilun titi, da kan rufin gidan likita, inda yake kunna firjin da ke aje allurar rigakafi. Amma shi ma farantin nan kamar ɗan itace yake. In ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, wutarsa ta ragu. Sai an samu mai hawa da tsumma ya goge.

Itacen Tenere

In kun je Yamai, ku ce a kai ku gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. An buɗe shi a 1959. Lambu ne babba cikin birni, da inuwa, da namun daji, da masu sana'ar hannu. A cikinsa akwai wata rumfa da aka aje wani busasshen itace. Ba shi da kyan gani, amma kada ku wuce shi.

Wannan itace can cikin hamadar Tenere ya tsiro, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Itacen ƙaya ne, ba wani babba ba. Shi kaɗai yake, sai a yi doguwar tafiya ba a ga wani ba. Da aka haƙa rijiya kusa da shi, aka tarar saiwarsa ta bi ruwa har zurfin fiye da mita 30. Ayari bayan ayari sun kwana a wurin da dubban raƙuma. Dare na da sanyi, kowa na son wutar shayi, raƙuma na jin yunwa. Amma madugai ba su bari a kare reshe ko raƙumi ya ci ganye ba, don shi ne alamar hanya ga kowa. Ba mai gadi, ba shinge. A haka ya daɗe a tsaye.

A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi ya faɗi, a cikin filin da ba komi sai rairayi. Aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo Yamai. A inda yake a da, an kafa wani na ƙarfe don matafiya su gane hanya.

Kalmomi

ma'aikatar magajin gari: la mairie
ma'aikatan gandun daji: les agents des Eaux et Forêts
ɗamarar itatuwa: la ceinture verte
wurin renon itatuwa: la pépinière
gurgusowar hamada: la désertification
gini ba itace: la construction sans bois
saiwa: la racine

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara dasa ɗamarar Yamai, kuma don mi?
2. Mi ya sa manomi ya fi son gawo a gona bisa ga bedi?
3. Mi mai gadi ya yi wanda sauran mutanen gari ba su yi ba?
4. In bido ɗaya yana cin lita 25, bido nawa ɗan itace ɗaya zai sha daga Oktoba zuwa Mayu?
5. Marubucin ya ce mai saida filin jama'a ya fi mai saran reshe laifi. Kun yarda? Ku faɗi dalilinku.

Aiki

Ku fita filin lakwal ku ƙidaya itatuwan da ke ciki, ku rubuta sunan kowane da Hausa. Ku tambayi mushe ko wani dattijo na unguwa wa ya dasa wanda ya fi tsufa. In akwai pampo mai ɗiga, ku tara kwalba a ƙarƙashinsa daga shiga aji zuwa fita hutu, ku auna abin da ya taru, ku zuba shi a gindin itacen da ya fi ƙanƙanta.